Za mu koma Kaduna daga Kano: ina makomar lasisina na koyarwa da shekarun aikina?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar firamare ce a wata ƙaramar hukuma ta jihar Kano. Ina da NCE, na yi rajista da TRCN, shekarata 11 ina aiki, ina mataki na 9. An yi wa maigidana canjin wurin aiki zuwa Kaduna, kuma da mu zai tashi. Yaya zan yi a mayar mini da lasisina can? Sai na sake jarabawa? Kuma albashina zai ci gaba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya sa tashin nan alheri ne gare ku baki ɗaya.

Ki kwantar da hankalinki a kan lasisi. Babu abin da za a mayar, babu jarabawar da za ki sake, kuma babu ofishin da zai karɓi na hannunki a Kaduna ya musanya miki da nasa. Ba jihar Kano ce ta ba ki shi ba, balle a ce ƙarfinsa ya ƙare a Kwanar Dangora. Inda gizo ke saƙar shi ne tambayarki ta ƙarshe, wadda kika jefo kamar ba komai ba: albashi, da matakinki, da shekara 11 ɗin da kika zuba a aiki. Waɗannan ne ba sa bin mutum sai an yi da gaske, kuma a kansu zan fi daɗewa.

Hukumar yi wa malamai rajista ta ƙasa, wato TRCN, an kafa ta ne da doka ta 31 ta shekarar 1993, zamanin soja, kuma dokar tana cikin kundin dokokin tarayya na 2004. Tana ƙarƙashin Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, hedikwatarta tana Abuja, ofisoshinta da kike gani a jihohi kuwa rassa ne kawai. Tsarin mulkin 1999 ya sa tsara sana'o'in ƙwararru da Majalisar Tarayya ta ayyana cikin abubuwan da tarayya kaɗai ke da iko a kansu. Amma kafa makarantu da tafiyar da su, tarayya da jihohi kowa na da hannu, ƙananan hukumomi kuma an ba su rabonsu a harkar firamare. Shi ya sa rajistar malami guda ɗaya ce daga Sakkwato har Kalaba, amma masu ɗaukar malamai aiki a gwamnati sun fi a ƙirga da yatsu: kowace jiha da hukumominta, ga Abuja, ga tarayya.

Na san inda wasu ke samo wannan fargabar. Idan mutum ya bincika maganar a intanet, yawancin abin da zai fito masa na Amurka ne. Can kowace jiha ita ke ba da lasisinta, malamin da ya bar Texas ya koma New York sai ya nemi sabo, wani lokaci har da sabuwar jarabawa, shi ya sa jihohinsu ke ƙulla yarjejeniyoyin amincewa da lasisin juna. Wannan ciwon kansu ne, bai shafe mu ba.

Abin da ke kanki game da TRCN kaɗan ne, amma ki yi shi kafin ku ɗaure kaya. Takarda biyu ce: akwai shaidar rajista, wadda ba ta ƙarewa, akwai kuma lasisin koyarwa, wanda ake sabuntawa duk bayan shekara uku. Malamai da yawa suna riƙe da ta farko, suna zaton sun gama, sai ranar da aka ce a kawo lasisi su tarar ya daɗe da mutuwa. Ki duba ranar da ke jikin naki. In ya ƙare, ki biya kuɗin shekara-shekara da ake bin ki, ki sabunta, ki adana rasit. A wasu wuraren ana cire wannan kuɗi daga albashi, to ki nemi shaidar hakan, domin in kin bar Kano ba wanda zai yi miki wannan bin diddigin. Jarabawar cancanta da ake yi a kwamfuta an fara ta a 2017. Ko kin zauna ta, ko kin yi rajista kafin a fara ta, ba a maimaita wa wanda ya riga ya shiga rajista. Da NCE kina rukuni na D. Mai digirin farko na ilimi, ko digirin wani fanni haɗe da difilomar koyarwa, yana rukuni na C, mai digiri na biyu B, mai digirin digirgir A. In kin je Kaduna ki leƙa ofishin hukumar na can, ki sa a gyara wurin aikinki da adireshinki.

Sai maganar suna, wadda ta fi kama mata. Takardar NCE da sunan mahaifi, takardar kama aiki da sunan kaka, lambar NIN da sunan miji, ranar haihuwa kuma kowace takarda da tata. A tsohon wurin aikinki an saba da ke, ba mai ɗaga gira. A sabon wuri, jami'in da bai taɓa ganin ki ba zai ajiye fayil ɗin gefe ya ce mutum biyu ne. Ki daidaita su yanzu, da takardar rantsuwa ta kotu da sanarwar jarida in da buƙata. Ranar haihuwa kuwa, wadda kika bayar ranar da aka ɗauke ki aiki ita ce ke aiki, ba a canza ta.

Lasisin nan kamar lasisin tuƙi yake: wanda aka yi a Kano ana tuƙi da shi a Kaduna, amma ba ya zuwa da mota. Aikin da kike yi yanzu na wani ne takamaimai. Ke ma'aikaciyar hukumar ilimin firamare ta ƙaramar hukumarku ce, ƙarƙashin SUBEB ta Kano, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, kuma albashinki daga kason ƙananan hukumomi yake fitowa. SUBEB ta Kaduna wata hukuma ce dabam, da dokarta, da kasafinta, da jerin masu karɓar albashinta. Sunan ne ya zo ɗaya, saboda dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sa kowace jiha ta kafa irinta. UBEC ta Abuja, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, tana ba su tallafi, amma ba ta ɗauke malami daga wannan jiha ta kai waccan. Da daga Gwarzo za ki koma Tarauni, takarda ɗaya ce daga SUBEB ta wadatar. Tsallaka iyakar jiha kuwa, barin wani mai aiki ne a shiga hannun wani.

Hanyar da ta fi kare miki haƙƙi ita ce mayar da aiki daga jiha zuwa jiha, abin da muke kira taransifa ta sabis. Idan ta yiwu, ba a ɗauke ki a matsayin sabuwa ba: ranar da kika fara aiki tana nan, shekarunki suna ci gaba da ƙirguwa, kuma a ƙa'ida ana karɓar ki a matakinki ko kusa da shi. Sharaɗin farko, a ce an tabbatar da ke a aiki, wato kin wuce shekara biyun gwaji kuma kina da takardar a hannu. Akwai malaman da suka yi shekara goma sha ba su taɓa karɓar wannan takarda ba, don ba wanda ya taɓa tambayarsu. Ranar taransifa ita za a fara tambaya.

Ga abin da mutane ke juyawa: suna fara neman Kano ta sake su, alhali Kaduna ba ta ce tana so ba. A'a. Wurin da za ki je shi ake fara nema. Ki rubuta wa shugaban SUBEB ta Kaduna kina neman a karɓe ki, amma takardar ta bi ta hannun shugabanninki na yanzu: hedimasta ya sa hannu, sakataren ilimi na ƙaramar hukuma ya sa, SUBEB ta Kano ta tura da sharhinta cewa ba ta da ja. Ki haɗa da takardar canjin wurin aikin maigidanki da shaidar aure, domin su ne hujjarki. Sai takardun kanki: ta kama aiki, ta tabbatarwa, duk takardun ƙarin girma tun daga mataki na 7, NCE da sakamakon sakandare da na firamare, rajista da lasisin TRCN, takardar haihuwa, takardar shaidar asali, da takardun albashi na watannin baya-bayan nan. Za su kuma nemi tarihin aikinki daga fayil, da rahoton shekara-shekara da shugabanninki ke cikawa, yawanci na shekara ukun ƙarshe. In Kaduna ta amince, za ta ba da takardar karɓa. Da ita za ki koma Kano a ba ki takardar saki, da takardar albashin ƙarshe da ake kira LPC, wadda ke nuna matakinki, da watan da aka tsaya biyan ki, da bashin da ke kanki. Ba a sa mutum cikin jerin albashin sabuwar jiha sai da ita.

A rubuce abin gwanin sha'awa. A zahiri, gara in gaya miki gaskiya tun yanzu: ba haƙƙi ba ne da za ki tsaya a kai ki ce dole. Jihar da za ta karɓa tana da damar cewa a'a, kuma sau da yawa ba ta ma cewa komai, fayil ne zai kwanta. Dalilin kuɗi ne. Malama mai mataki na 9 ta fi sabon ɗauka mai mataki na 7 tsada, kuma tana zuwa da nauyin fansho na shekarun da ba a can ta yi su ba. Shugaban hukumar da ke da matasa masu NCE cike da harabar ofishinsa, kowanne da takardar ɗan majalisa a hannu, me zai sa ya karɓo wata daga waje? Abin da ke sa a karɓa shi ne ƙarancin malamai a fannin da kika karanta. Mai lissafi, ko kimiyya, ko Turanci, ko ilimin yara masu buƙata ta musamman, ko ilimin ƙananan yara, ta fi samun shiga a kan wadda fanninta ya cika maƙil. Ba ki faɗi abin da kika haɗa a NCE ba. In yana cikin waɗannan, ki sa shi a layin farko na takardarki.

Sannan akwai maganar 'yan asalin jiha. Sashe na 42 na tsarin mulki ya hana a nuna wa ɗan Najeriya bambanci saboda garin da ya fito, amma kowa ya san yadda takardar indijin ke aiki a ɗaukar ma'aikatan jihohi da ƙananan hukumomi. A 2011 jihar Abiya ta sallami ma'aikatanta waɗanda ba 'yan asalinta ba, ta ce kowa ya koma jiharsu, kuma malamai na cikinsu. A jihohinmu na Arewa an daɗe ana ɗaukar baƙon malami a kwantiragi, ana sabunta masa lokaci-lokaci, ba fansho. Kaduna tana cikin inda aka ɗan sassauta, domin gwamnatin Nasir El-Rufai ta ba da sanarwar cewa zama a jihar za a riƙa dubawa a maimakon asali, har aka fito da rajistar mazauna. Ki yi wannan rajistar da zarar kun sauka. In maigidanki ɗan Kaduna ne, zai taimaka ƙwarai a matakin jiha da ƙaramar hukuma. Amma ki sani a aikin tarayya, ƙa'idar hukumar raba daidai ta ce matar aure tana ci gaba da amsa sunan jiharta ta asali, don haka kada ki yar da takardarki ta Kano.

Ko an karɓe ki, jiha tana iya gwada ki da jarabawarta. A 2017 Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarabawa, ta ce 21,780 ba su kai maki 75 cikin ɗari ba, ta sallame su ta ɗauki sababbi. Ƙungiyar malamai ta NUT ta yi ta jayayya cewa tantance cancantar malami aikin TRCN ne, har aka shiga yajin aiki, amma gwamnati ta tsaya a kan cewa ita ce mai biyan albashi. Ra'ayina a kan yadda aka yi abin dabam ne, ba yau za mu yi shi ba. Abin da ya shafe ki shi ne ki shiga da shirin za a iya zaunar da ke gaban kwamfuta ko a ce ki koyar a gaban kwamiti. Manhaja ba za ta ba ki wuya ba, domin ta ƙasa ce, hukumar NERDC ke tsara ta.

Ki kuma tambayi inda za a tura ki kafin ki karɓi takarda. Kaduna ƙananan hukumomi 23 gare ta. Makarantun cikin gari, Kaduna ta Arewa da ta Kudu da sassan Chikun da Igabi da ke manne da birni, su ne kowa ke so, kuma su suka fi cika. Guraben suna karkara. In an karɓe ki an kai ki inda sai kin yi awa biyu a mota kullum, ga yara ga halin hanya, dalilin tashin ma ya rushe.

Yanzu fansho, wanda a ganina shi ya kamata ya yanke miki hukunci. Dokar gyaran fansho ta 2004, wadda aka sabunta a 2014, ta kawo tsarin da kowane ma'aikaci ke da asusun kansa a wani kamfanin fansho, da lambarsa. A tarayya ana zuba aƙalla kashi 8 cikin ɗari daga albashin ma'aikaci, mai aiki ya ƙara kashi 10. Asusun na mutum ne, duk inda ya koma aiki yana bin sa, sai dai ya ba sabon wurin lambar. Kaduna ta shiga wannan tsari tun farkon 2017, Abuja ma a kansa take. Da tsakanin irin waɗannan wurare biyu kike tafiya, da maganar ta zo da sauƙi.

Kano kuwa, ita da Jigawa, nasu tsarin dabam ne. Ana cire kuɗi daga albashinki duk wata, gwamnati ta ƙara nata, amma asusu ɗaya na kowa da kowa ake zubawa, ƙarƙashin hukumar amintattun fansho ta jiha. Abin da za a biya ki a ƙarshe ana lissafa shi ne da yawan shekarun aiki da albashin da kika tsaya a kai. Babu wani asusu mai sunanki da za ki ɗauka ki tafi da shi. Saboda haka tafiya daga Kano zuwa Kaduna fita ce daga wani tsari zuwa wani, kuma shekara 11 ɗin nan sai an rubuta a takarda wa zai biya su da yadda za a biya. Ki je hukumar fansho ta Kano da ƙafarki, zuwa da kai ya fi aike, ki yi tambaya uku, ki nemi amsa a rubuce. In na koma wata jiha ta hanyar taransifa, za a lissafa haƙƙina a tura wa sabon asusuna, ko sai ranar da na yi ritaya za ku biya rabonku? In na bar aiki yanzu, me shekara 11 ke ba ni, garatuti kaɗai ko har da fansho? In da fansho, daga shekara nawa na haihuwa ake fara biya? A tsohon tsarin tarayya shekara 5 ke ba da garatuti, shekara 10 ta ba da fansho, kuma wanda ya tafi don kansa sai ya kai 45 ake fara biyan sa. Jihohi da yawa sun kwaikwayi wannan, amma dokar Kano ce za ta yi aiki a kanki, ita za ki nemi a nuna miki.

Wannan ya kawo mu hanya ta biyu, wato ki bar aikin Kano ki nemi sabo a Kaduna idan an buɗe ɗauka. Ita mafi yawan mutane ke bi a ƙarshe, don ta fi sauri. Amma a nan irin takardar da kika rubuta tana da nauyi. Wanda ya rubuta murabus kawai yana iya rasa haƙƙin da wanda ya rubuta janye aiki ko ritayar ganin dama zai samu, alhali shekarunsu ɗaya. Kada ki bari mai shagon kwamfuta ya tsara miki ita. Ki zauna da jami'in ma'aikata na ofishin sakataren ilimi ko wakilin NUT. Ki kuma san abin da za ki bayar. Sabon ɗauka mai NCE galibi a mataki na 7 yake farawa, mai digiri a na 8. Wasu hukumomin suna duba gogewa su ɗan ɗaga mutum, wasu ba ruwansu. Tallan ɗaukar aiki yakan zo da iyakar shekarun haihuwa, wadda mai shekara 11 a aiki tana iya wucewa. Kuma wanda ya yi ritaya yana karɓar fansho, in gwamnati za ta sake ɗaukar sa, a kwantiragi take ɗauka.

Kafin ki kai ga haka, ki tambayi kanki wani abu: maigidan nan, zaman Kaduna zai yi, ko bayan shekara uku za a sake cilla shi Bauchi? In ma'aikacin tarayya ne, ko soja, ko ɗan sanda, ko ma'aikacin banki, to kada ki tumɓuke aikinki saboda canjin da ba na dindindin ba. Ki nemi hutu ba albashi, a rubuce, da dalilin bin miji. In an ba ki, gurbinki yana nan, ko da yake lokacin hutun yawanci ba ya shiga lissafin ƙarin girma da fansho. Akwai kuma aro, inda Kano za ta ba Kaduna aron ki na wani lokaci, galibi shekara biyu da farko, mai aron ya riƙa biya, sunanki kuma yana nan a gida. Shi ma sai ɓangarorin biyu sun yarda. Ga wadda mijinta ke yawo da ita jiha-jiha, babu kamar aikin tarayya: malamar kwalejin gwamnatin tarayya, ko makarantun sojoji da na 'yan sanda, mai aikinta ɗaya ne ko'ina, canjin wuri kawai ake yi mata, albashi da fansho ba su motsa ba. Sai dai makarantun sakandare na tarayya masu digiri suke nema.

Abin da nake roƙon ki da Allah kada ki yi shi ne dabarar nan da ta zama ruwan dare: a bar ƙanwa ko wata mai neman aiki ta riƙe aji, albashi ya riƙa shigowa, ana raba shi da ita da wanda ya rufa asiri. Ban da haƙƙin yaran mutane da ke ciki, ranar tantancewa tana zuwa, da hoton yatsa da BVN. Wanda aka kama ya bar aiki ba izini kora ce, korarre kuwa ya rasa garatuti da fansho, ana iya bin sa albashin da ya ci, kuma kowace takardar neman aikin gwamnati tana tambaya ko an taɓa korar ka. Haka nan duk wanda ya ce ki kawo kuɗi ya samo miki takardar karɓa ko ta kama aiki, ki guje shi. Takardun bogi ba sa fitowa fili sai an yi wata da watanni ana jiran albashin da ba zai zo ba.

Ki share basussukanki kafin saki. In kin taɓa tafiya ƙaro karatu da albashi, akwai alkawarin yin aiki na wasu shekaru da kika sa wa hannu, ba za a sake ki ba sai kin cika ko kin biya. Bashin banki da aka ɗaure da asusun albashi, bashin babur ko na fili ta ƙungiyar malamai, kuɗin taimakon kai da kai, duk za su fito. Akwai kuma naki da ke hannunsu: ajiyarki a ƙungiya, da kuɗin asusun gidaje na ƙasa in ana cire miki, wanda lambarsa ke bin ki duk inda kika je. Inshorar lafiya ta ma'aikatan Kano, KSCHMA, tana tsayawa da tsayawar albashi. A Kaduna KADCHMA ce, sai an sake yin rajista. In akwai mai shan magani kullum a gidan, ku yi tanadin watannin tsakani. Ariyas na ƙarin girma da ba a biya ba kuwa, ki bi shi tun kina nan, don wanda ya tafi ba a cika tunawa da shi ba.

Kada ki ɗauka albashi ɗaya ne saboda mataki ɗaya ne. Bayan dokar mafi ƙarancin albashi ta naira 70,000 a 2024, Kano ta sanar da 71,000, Kaduna 72,000, Neja 80,000, Legas 85,000. Amma sanarwar gwamna dabam, abin da ke shiga asusun malamin firamare dabam, tunda kuɗinsa ta ƙaramar hukuma yake biyowa. Ko a Abuja, malaman firamare sun shafe fiye da wata uku suna yajin aiki a 2025 a kan wannan. Haka alawus ɗin malamai na kashi 27.5 da aka yi yarjejeniya a kansa a 2008, kowace jiha da yadda ta aiwatar. Haka dokar 2022 da ta kai ritayar malamai shekara 65 na haihuwa ko 40 na aiki: wasu jihohin sun ɗauka, wasu suna kan 60 da 35. Ki nemi wata malama mai matakinki a ƙaramar hukumar da za ki, ki roƙe ta ta nuna miki takardar albashinta. Ita za ta gaya miki gaskiyar da ba ta cikin sanarwa.

In kin samu hutun, makarantun kuɗi na Kaduna za su iya riƙe ki, kuma a nan lasisinki yana da daraja, domin masu duba makarantu suna tambayar malamai nawa ne masu rajista. Ki dai tabbata sharuɗɗan hutunki ba su hana ba. Ni da za ki ji tawa, da wannan lokacin kin yi digiri. Mai NCE akwai matakin da ba ya wucewa, a wurare da yawa na 14. Hedikwatar Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, tana nan Rigachikun a kan hanyar Zariya, ga Jami'ar Ahmadu Bello, ga jami'ar karatu daga gida. In kin gama ki koma TRCN a ɗaga ki zuwa rukuni na C, ki kuma karɓi takardar NYSC da ta dace da ke, ta kammalawa ko ta ɗauke nauyi, don za a nema.

Game da lokaci, ki fara rubutu yau, kada ki jira sai motar kaya ta tsaya a ƙofar gida. Irin wannan fayil yana iya cin wata shida ko fiye. Kowace takarda da kika miƙa ki yi kwafi, a buga miki hatimin karɓa da kwanan wata a kai, ki rubuta lambar fayil ɗin a wayarki. Takardunki na asali kada su kwana a ofishin kowa. In da hali, maigida ya yi gaba, ke ki ƙarasa zangon karatu da yara, tunda tsakanin Kano da Kaduna kusan kilomita 230 ne, ana zuwa a dawo a ƙarshen mako. Kada ki saki reshe ki kama ganye: ba a ajiye alli a Kano sai takardar karɓa ta Kaduna ta shigo hannu.

In ta shigo, ki lura da kwanan wata. Ranar da takardar saki ta ce kin bar Kano, washegarinta ya zama ranar da kika kama aiki a Kaduna, kuma ki sa a ba ki takardar shaidar kama aikin a ranar. In aka samu rata a tsakani, ko ta 'yan makonni ce, ana iya lissafa ta a matsayin yankewar aiki, sai kin sake rubuta takarda kina roƙon a haɗe miki shekarun, kuma wannan roƙon ba kullum ake amsa shi ba.